Attahiru, Wanda Ya Ƙi Sayen Iri

Ranar Talata ce da hantsi, ina bakin teburina a kasuwar Ƙauran Namoda ina ta mita. Na riga na jera tumatir da tattasai da albasa, na bar wa kokwamba gefen inuwa kamar kullum, amma kokwamba ba ta zo ba. Mata biyu sun tambaya sun wuce. Na kira wayar Attahiru, abokina mai noma min ita, sau uku ba a ɗauka ba. Na ce a raina yau ma ya shige rumfar shukar nan tasa ya manta akwai mutane a duniya. Har na shirya maganar da zan yaɓa masa idan ya iso.

Sai ga Halilu, ƙanen matarsa, a kan babur, babu kwando a baya. Bai kashe mashin ba ya ce in rufe kaya in hau. Na ce ina kokwamba. Ya dube ni, sannan ya ce Yaya Attahiru ya rasu. Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna bakin rumfa zai cire takalmi, a nan matarsa Tabawa ta same shi jingine da ƙarfe. Na yi salati na hau babur, ban ko rufe kayan ba. Abin da ba zan ɓoye ba shi ne, har muka kai ƙofar gidan haushin da nake ji bai sauka ba. Kuka ya zo ya tarar da shi, suka zauna tare, kuma har yau tare suke a ƙirjina.

Attahiru mutumin Galadi ne, ta ƙasar Shinkafi. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Ni na bi kawuna kasuwa tun da wuri, shi ya tsaya gona. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya ɗaga murya, ba ya gardama mai tsawo. Idan ka kawo masa hujja sai ya saurare ka har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce ka yi gaskiya, sannan ya je ya yi abin da ya yi niyya tun farko. Shekara arba'in da wani abu ina fama da wannan gyaɗa kan.

Gidansu gidan gero da dawa ne tun kakanni. Kafin a fara girbi, mahaifinsa yakan shiga gona shi kaɗai da wuƙa, yana bin kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika. Ita ake ɗaurewa dami daban, a ajiye can ƙuryar rumbu. Wannan damin ba a taɓa shi ko da gidan zai kwana da kunun kanwa. A gidansu an sayi gishiri, an sayi kananzir, daga baya har taki an saya, amma ba a taɓa sayen iri ba. Attahiru yakan ce geron da yake shukawa, kakan kakansa ya taɓa shi da hannu.

Shekarar da daji ya gagara, zuwa gona ya zama sai da addu'a, suka kwaso abin da babur zai iya ɗauka suka taho Ƙaura. Ya ɗauka mako ɗaya za a yi a koma. Bayan wata biyu labari ya zo an cinna wa rumbunan unguwarsu wuta. Bai tambayi hatsin ci ba. Ya dai ce da ni, "Dogo, na ɗauko tabarma na baro iri." Daga nan bai ƙara ta da maganar ba.

Dangin Tabawa suka ba su wani gida a gefen gari mai fili a baya. Shekara biyu Attahiru ba shi da abin yi sai zama a bencin bayan teburina. Ya kushe albasata, ya kushe yadda nake jera tumatir, ya gaya wa mai saye cewa tattasan nan na jiya ne alhali ina tsaye. Na so shi, amma na ƙosa ya samu abin da zai ɗauke shi daga bayana.

Shi ya sa da na ji wata ƙungiya na raba wa manoman da suka baro ƙauye rumfar leda, ni na kai sunansa, ni na tsaya a layi. Aka zo aka kafa a bayan gidan: ƙarafa, leda a sama, raga mai ƙananan ido a gefe don kada ƙwaro ya shiga, da tanki da tiyo mai ɗigo a gindin kowace shuka. Attahiru ya zagaya ta sau biyu, ya ce noma a cikin ɗaki kamar kiwon zomo. Amma na ga ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu, na san ya kamu.

Malamin gonan da aka haɗa shi da shi, Malam Zaharaddeen, ɗan gidan malamai ne daga Zurmi. Mutum ne mai sanyi, kullum da ƙaramin littafi a aljihun gaba. Shi ya ba da shawarar kokwamba, domin tana zuwa da wuri kuma masu gidan abinci na nemanta, balle da azumi. Ya zo da fakiti uku na iri mai aure, wato wanda kamfani ya haɗa daga iyaye biyu, ya shimfiɗa su a kan tabarma. Ina wurin. Ya ce ba hoton jikin fakiti ake dubawa ba. Abu uku ake tambaya: ko tana jure zafin bazara, ko tana jure farar cutar nan mai kama da toka da ke hawa ganye da damina, sannan ko irin wadda mutanen gari ke so ce. Ya ƙara da cewa babban abin shi ne a tabbata ta cikin rumfa ce. Kokwambar fadama tana da fure namiji da mace, sai ƙudan zuma ya haɗa su take yin ɗa, kuma ƙudan zuma ba ya shiga raga. Ta rumfa kuwa furenta duk mata ne, tana yin 'ya'ya ba tare da an kawo mata komai ba.

Attahiru ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Malam, wacce daga ciki ke ba da iri?"

Malam ya ce babu. Duk shuka sai an sayi sabon fakiti.

"To wanga ba noma ba na," in ji Attahiru. "Ƙodago na. Mai fakiti shi ke da gona."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin riga. Malam ya yi murmushi ya ce a dai gwada.

Aka shuka duka ukun, kowacce da layinta, aka ɗaura musu igiya suna hawa. Attahiru bai iya sunayen jikin fakiti ba, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Zanƙaleliya, doguwa kamar kamu ɗaya. Ita da zafi ya taso sai ta zubar da fure. Akwai Mai Ƙurji, wadda ta jure zafin amma fatarta kauri, mata suka ce sai an fere rabi. Sai 'Yar Santsi, gajera mai laushin fata. Ita ce ta yi. Kwana arba'in da shuka aka fara tsinka, kuma kowace gaɓa da ɗanta, miƙaƙƙu kamar an auna. Hajiya Rekiya mai gidan abinci kusa da tasha ta gani a teburina, ta gutsura, ta ce duk bayan kwana biyu a kai mata kwando. Na ce alhamdu lillahi, an gama zaɓe, abokina ya samu sana'a, ni ma na samu bencina.

Ashe ya bar guda biyar a can ƙarshen layi bai tsinka ba. Suka girma, suka yi ruwan ɗorawa kamar kabewa. Ya yanka su ya kwashe cikin ya zuba a ruwa, domin iri mai rai nutsewa yake. Duk suka taso sama, ɓawo ne zalla. Tabawa ta ce min ranar bai ci tuwo ba.

A shuka ta biyu, da bakinsa ya ce a sa 'Yar Santsi a rumfar gaba ɗaya. Na yi mamakin sauƙin kansa. Da na san shi da kyau, da daga nan zan fara zargi. Abin da ban sani ba, ya je wajen wani dattijo mai lambu da ya taso daga Badarawa, ya samo irin kokwambar fadama, ya shuka layi guda a jikin raga. Ya sa Halilu ya taya shi ɗora amya a kan dogonyaron bayan gida. Kullum da safe sai ya ɗage ragar gabas ya tokare ta da sanda, ƙudan zuma su shiga su yi abin da suka ga dama.

Ni a kwando na gani. Kokwambar da a da take miƙe, sai ga wata ta kumbura a gindi kamar gora, wata ta lanƙwashe kamar lauje, ciki duk 'ya'ya. Hajiya Rekiya ta maido da kwandon, ta aiko a tambaye ni ko na fara sayar da duma ne. Na rufe tebur da rana tsaka na tafi gidan. Na tarar da raga a ɗage, shi kuma yana tsaye yana kallon ƙudan zuma kamar mai kallon 'ya'yansa na cin abinci.

Na ce, "Attahiru, an ba ka abin da ke ciyar da gidanka, ka buɗe wa ƙwari ƙofa?"

Ya ce, "Dogo, ka taɓa ganin garin da ke mata zalla ya yi zuri'a?"

"Ai sun haihu. Kwando nawa na sayar?"

"Sun haifi na ci. Ba su haifi na shuka ba."

Ba ƙudan zuma kaɗai suka ga ƙofa a buɗe ba. Fararen ƙudajen nan ƙanana suka shiga, ganye ya fara murɗewa yana rawaya. Da Malam Zaharaddeen ya zo, ya dubi ganyen, sannan ya rufe littafinsa ya mayar aljihu. Ya ce sai an tuge komai an ƙone, a bar rumfar babu kowa mako uku. Attahiru ya ce ya yi gaskiya. Ya tuge komai, ban da gindi bakwai da ya ce sai 'ya'yansu sun nuna. Malam ya dube ni, ni ma na dube shi.

Wannan karon iri ya nutse. Ya kira ni musamman in zo in gan shi kwance a gindin ƙwarya. Ya wanke, ya shanya a inuwa kan faifai, yana korar kaji da kansa. Malam ya gaya masa a gabana cewa ɗan mai aure ba ya kama da uwarsa, abin da zai fito sai Allah. Attahiru ya gyaɗa kai, ya cika rumfar da shi daga ƙofa har ƙarshe, saura wata ɗaya da rabi azumi.

Abin da ya fito kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Wata doguwa, wata dunƙulalliya, wata da ƙaya, wata fara fat. Wani gindin fure namiji kawai yake zubawa babu ɗa ko ɗaya. Shi kuma murna yake, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, ya yanko ya miƙo min. Ta uku da na sa a baki, ɗaci kamar maɗaci, har la'asar ina tofar da yawu. Ya ce madalla, ai yanzu mun san wannan ba ta cikin lissafi. Azumin da kowa ke neman kokwamba, teburina babu. Hajiya Rekiya ta koma sayen wadda motoci ke kawowa daga nesa.

Wata guda ban taka gidansa ba. Masallacin Juma'a ɗaya muke, in an sallame sai in bi ta ɗaya ƙofar. Ba don abin da na rasa ba, Allah ya sani. Ina ganin yadda tukunyar gidan ta koma, ina ganin mutumin da ya riga ya rasa komai sau ɗaya yana wasa da abu ɗaya da ya rage masa.

Tabawa ce ta zo kasuwa da kanta. Mace ce marar yawan magana, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta ce in daina fushin yara, ita ta yanke hukunci. Ta haɗa tsofaffin gidajen sauro ta ɗinke, ta raba rumfar: kashi biyu nata, kashi ɗaya nasa. Na ce to wa zai sayi iri, tunda maigidan ya rantse. Ta ce, "Shi ya ce ba ya sayen iri. Ni ban ce ba."

Daga nan ita ta zama mai zaɓe. Malam ya zo da fakiti, ta tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida tana tambaya, kuma tambayoyinta sun fi namu. Ita ta lura 'Yar Santsi na shan wahala da damina, tokar nan na cinye mata ganye, ta sa aka nemo wata mai jure cutar don watannin ruwa, a koma wa 'Yar Santsi in rani ya shigo. Ba ta yarda a cika ɓangarenta da sabon iri sai an gwada gindi goma tukuna. Idan mai shago ya ce wannan sabuwa ce ta fi kowacce, sai ta aika a tambaye shi wa ya shuka ta a garin nan, a wane wata. Attahiru kuwa ya riƙe ɓangaren nata da gaskiya. Shi ke ɗaure igiya, shi ke cire ƙananan rassa, shi ke duba tiyo. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya taɓa fakiti. Sai ta yage da kanta ta zuba a faifai, sannan ya ɗauka ya shuka, kamar bai san daga ina ya fito ba. Hajiya ta dawo. Tukunya ta dawo.

Malam Zaharaddeen ya ga ba zai iya hana shi ba, sai ya koya masa yadda zai yi ba tare da ya ɗage raga ba. Da yamma a nemi fure mace da zai buɗe gobe, a ɗaure bakinsa. Da safe a tsinko namiji daga gindin, a cire masa ganyen furen, a goga a cikin macen, a sake ɗaurewa, a sa zare a wuyan don a gane. Ya ce in yana so iri ya tsaya, sai ya yi haka shuka bakwai ko takwas a jere, yana tuge duk wadda ta kauce, kuma ko ya tsaya ba lalle ya kai na fakiti yawan 'ya'ya ba. Duk wannan bayanin, bakwai ko takwas ɗin kawai Attahiru ya ji. Ya shiga ɗaki ya kwaso jan zaren ɗinkin Tabawa.

Shekarun da suka biyo baya, ban san sau nawa na yi rantsuwar ba zan sake sa baki ba. Gindi ya yi kyau, ya cika da 'ya'ya, sai ya ɗanɗana ɗaya ya ji ɗan ɗaci a gindinta, ya tuge shi gaba ɗaya. In yi faɗa, ya ce na yi gaskiya. Yakan shiga rumfar da tsakar rana, lokacin da ko akuya ba za ta yarda ta shiga ba, ya fito riga jiƙe ido ja. A asibiti aka ce yana da hawan jini, ya riƙa shan magani kullum, ya rage shiga zafi. Ni nake karɓo masa maganin in sa masa a aljihu. Bayan mako in laluba aljihun, magani na nan yadda na sa shi, jan zare ne kawai ya ragu. Mutumin da bai taɓa manta wane fure ya ɗaure jiya ba, shi ne ke ce min ƙwaya ɗaya da safe tana shige masa. Wannan kam ban yafe masa ba tukuna. Ina roƙon Allah ya yafe masa, ni kuma ina nan ina ƙoƙari.

Sau ɗaya na tambaye shi da gaske. Muna zaune a inuwar dogonyaro bayan la'asar, na ce Attahiru don Allah mi kake nema, tunda ta Tabawa na ciyar da ku. Na ɗauka zai ce tsadar fakiti, ko ya ce wata rana za a nema a rasa. Sai ya ce in tuna zauren babansa idan hadarin farko ya fara haɗuwa. Na tuna. Mutane ne ke zuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda gara ta ci wa nasa, wanda ya ci nasa saboda yunwa, baƙon da ya sauka bara. Su yi sallama su roƙi irin shuka, tsohon ya shiga ya ɗebo, ba a saye ba a aune.

Ya ce, "Tun da muka zo garin ga, duk wanda ya yi sallama ƙofata, kawo mini wani abu ya yi. Buhu, bargo, rumfa. Allah ya saka musu. Amma ba wanda ya taɓa zuwa neman komai wajena, Dogo. Ko allura."

Na ce masa ya sha maganinsa.

Shuka ta shida tun da ya fara ɗaurin zare ita ce ta ranin nan. Gindi talatin da shida, huɗu kaɗai suka kauce. Sauran duk kamar 'yan ɗaki ɗaya: matsakaita, kore shar, babu ɗaci. Ba su kai na Tabawa yawa ba, fatar ma ta ɗan fi kauri, amma da zafin nan ya kai ƙarshe, nata suka fara zubar da fure, nasa suna tsaye. Malam ya gutsura ya tauna a hankali, ya ciro littafi ya rubuta wani abu, ya ce ba laifi. A bakin Malam Zaharaddeen wannan kirari ne. Ni kuma na saci guda goma na cusa a kwandon Hajiya Rekiya, ta yi amfani da su ba ta ce uffan ba. Ban gaya masa ba. Na ce in ya ji, kansa zai ƙara tauri, gobe ya ce a yage ragar Tabawa. Na bari sai wani lokaci. Wannan kuma laifina ne, ba nasa ba.

Daga cikin masu kyaun ya bar 'ya'ya huɗu masu jan zare a wuya su nuna. Suna nan rataye yanzu haka, sun fara rawaya daga gindi. Tabawa tana cikin takaba, amma rumfar a bayan ɗakinta take, ita ke buɗe tanki safe da yamma, ta kuma hana kowa wuce ragar tsakiya. Malam ya ce zai zo ranar yankawa. Ya gaya min gaskiya, shuka ta bakwai na iya tsayawa, tana iya watsewa, babu mai iya cewa. Tabawa ta ce ta kalli ɗaurin zare ya isa, za ta iya. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani, an yi masa wanka an sa shi a makara, mutanen Galadi da ke Ƙaura suka cika layin gidan, da yawa ba su ma san abin da ke bayan gidan ba.

Ganina na ƙarshe da shi ranar Lahadi ne bayan la'asar, kwana biyu kafin rasuwarsa. Na je ɗaukar kaya, ɗan acaɓa na jira a waje. Na cika kwando daga ɓangaren Tabawa, shi yana can nasa ɓangaren tsugune gaban guda huɗun nan, yana ɗaga ɗaya da tafin hannu yana jin nauyinta. Na tambaye shi ya sha magani, ya ce zai sha. Na ɗauki kwando zan fita sai ya kira ni.

"Dogo, roƙe ni iri."

Na ce, "Mi zan yi da iri? Tebur gare ni, ba gona ba."

"Ba ruwanka. Ka fita bakin ƙofa, ka yi sallama, ka roƙa."

Na ce masa mun wuce hamsin ni da shi, wannan wasan yara ne, ga mai babur na ta danna min oda. Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya miƙe tsaye yana jira, hannu duk ƙasa. Na yi tsaki, na kai ƙofar rumfa da kwandona, na fita. Har na yi taku uku. Sai na ajiye kwandon, na dawo na tsaya a bakin raga.

Na ce, "Salamu alaikum. Maigida, a taimaka mini da irin shuka."

Ya goge hannuwansa a jikin wando, ya gyara hula, ya tako a hankali har ƙofa, kamar wanda aka taso daga wani aiki mai muhimmanci. Ya dube ni sama da ƙasa kamar bai taɓa ganina ba.

Ya ce, "Wa alaikumus salam. Akwai. Amma bai nuna ba. Ka dawo bayan kwana goma, ka taho da abin zubawa."

Na ce, "Kwana goma kuma? Kai komai naka sai an jira."

Ya ce, "To ka jira mana. Ina za ka?"